Ana Zaton Wuta a Maƙera: Ciwon Dajin da Ake Tsinta Bayan Aikin Kumburin Furostet



Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata da suka gayyace ni, malamanmu, iyayena maza da iyayena mata, abokan aikina na asibiti da nake hangowa a can baya, barkanmu da warhaka. Na gode da wannan karamci. Na kuma ji daɗi da na ga iyayenmu mata sun cika ɓangarensu, domin ciwon da za mu tattauna na maza ne, amma jinyarsa da zirga-zirgar karɓo sakamako da tuna ranar komawa asibiti, yawanci a wuyan mata da 'ya'ya suke.

An nemi in yi magana a kan wani abu da ke girgiza iyali fiye da yadda ya kamata. Dattijo ya sha fama da fitsari, an ce furostet ɗinsa ne ya kumbura, an duba an ce ba a ga alamar daji ba. An yi aiki, fitsari ya saki, an cire roba, 'yan dubiya sun watse, har ya koma sahun gaba a masallaci. Bayan 'yan makonni sai takarda ta fito daga ɗakin gwaji, ta ce an ga ciwon daji a cikin naman da aka cire. Nan take tambayoyi suke tashi. Likita ne ya yi sakaci? Aikin ne ya jawo? An cire shi duka, ko da saura? Yanzu kuma ina aka nufa? Waɗannan zan bi, a batutuwa shida, wasu in daɗe a kansu, wasu in wuce da sauri.

Batu na farko: wuri ɗaya, cuta biyu

Furostet ƙullutun nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Aikinsa shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinsa wajen giram 20 ne. Da an shiga shekara 40 sai ya fara girma a hankali. Cikin masu shekara 50 zuwa 60 kusan rabi suna da wannan girman, a waɗanda suka haura 80 kuwa kusan tara cikin goma. Ba kowa yake damu ba. Wanda ya dama, ba sai na gaya masa alamun ba: tashi sau uku sau huɗu cikin dare, a tsuguna ana jira, fitsari ya zo siriri, a gama a ji kamar ba a gama ba, ga ɗigo bayan tsarki har alwala ta zama aiki. Wata rana kuma ya ƙulle gaba ɗaya, a kwashi mutum cikin dare a je a sa masa roba. Na ga wasu suna gyaɗa kai, to mun fahimci juna.

Wani likitan Amurka mai nazarin nama, John McNeal, ya nuna tun ƙarshen shekarun 1960 cewa furostet ba dunƙule ɗaya ba ne, shiyya-shiyya ne. Akwai shiyyar ciki da ta kewaye hanyar fitsari, a nan kumburin tsufa yake tasowa, shi ya sa yake matse hanya. Akwai shiyyar waje ta baya, wadda ke jingine da dubura, kuma daga nan wajen kashi 70 cikin 100 na ciwon dajin furostet yake farawa. Wajen ɗaya cikin biyar ne yake farawa daga shiyyar ciki. Wannan ɗaya cikin biyar ɗin shi ne galibi abin da muke tsinta a naman da aka cire.

Aikin kumburi iri biyu muka fi yi. Akwai wanda ake zura bututu mai fitila ta hanyar fitsari a riƙa kankare naman da zaren lantarki, yana fitowa gutsuri-gutsuri, shi ne likitoci ke taƙaitawa da TURP. Akwai kuma na yanka a ƙasan mara, likita ya sa yatsa ya ɓamɓaro kumburin dunƙule guda. Tsohon aiki ne, Peter Freyer ya yi suna da shi a Landan tun wajen 1900, Terence Millin kuma ya fito da wani salonsa a 1945. Har yau muna yin sa sosai a asibitocinmu, saboda mutanenmu sukan zo da furostet da ya haura giram 100.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Ko wanne aka yi daga cikinsu, fafar ƙwarya aka yi: an kwashe cikin, an bar jikin. Saboda haka dattijon da ke cewa “ai ni an cire mini furostet, na rabu da shi” bai rabu da shi ba. Abin da aka bar masa shi ne shiyyar waje, inda daji ya fi son tasowa.

Kumburi ba ya rikiɗewa ya zama daji, cututtuka ne biyu da suka haɗu a wuri ɗaya saboda dukansu shekaru suke bi. Wuƙar likita ma ba ta haifar da shi. Yana nan tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a kan gawarwakin mazan da wani abu dabam ya yi ajalinsu ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka kai 80 suna ɗauke da ƙwayoyin dajin furostet, kuma yawancinsu sun rayu sun koma ga Allah bai taɓa damunsu ba.

Batu na biyu: me ya sa gwaji bai nuna ba?

Wannan ita ce tambayar da ɗan mara lafiya ke yi mini da jan ido, kuma yana da hakkin yin ta.

Kafin aiki abu biyu ne na farko. Likita zai sa yatsa ta dubura ya lalubi furostet, gwajin da iyayenmu suka fi ƙi. Yatsa bayan furostet kawai yake taɓawa, abin da ke can ciki ko ta gaba ba ya jin sa. Na biyu gwajin jini na PSA, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 don bibiyar masu ciwon, sannan a 1994 don neman ciwon. PSA ba ma'aunin daji ba ne, ma'aunin furostet ne. Girma yana ɗaga shi, ƙwayoyin cuta a fitsari suna ɗaga shi, ƙullewar fitsari da sa roba suna ɗaga shi. Idan mutum mai katon furostet ya zo da roba a jikinsa PSA ɗinsa ya ɗan hau, ba abin mamaki ba ne a jingina hawan ga kumburin. A ɗaya gefen kuma, lamba 4 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka ba katanga ba ce. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2004 ya ɗebi naman maza kusan 3,000 da PSA ɗinsu bai wuce 4 ba, yatsa kuma bai ji komai ba, aka sami daji a wajen kashi 15 cikin 100.

Akwai wani tarko da ya kamata ku sani. Da yawa daga cikinku kuna shan finasteride ko dutasteride don rage kumburi. Waɗannan magunguna suna rage lambar PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara. Wanda ke shan su ya ga 3 a takardarsa, lissafin gaskiya 6 ne. In ba ka gaya wa likita kana sha ba, yaya zai sani? Balle ma in a kemis aka saya ba da takardar kowa ba.

Ko da an kai ga ɗebo nama da allura kafin aiki, allurar nan wajen wuri 12 take tsakura, kuma mafi yawansu a shiyyar baya. Ƙaramin daji da ke ta gaba zai iya tsallake ta.

Kafin zuwan PSA, a ƙasashen da suka ajiye lissafi, ana tsintar daji a wajen ɗaya cikin biyar na irin wannan aiki. Yanzu ya sauko zuwa wajen ɗaya cikin goma, wani wuri ƙasa da haka, wani wuri sama. Ya ragu, bai ƙare ba, kuma ba zai ƙare ba. Ko Sarki Charles na Ingila, da aka yi masa aikin kumburin furostet a Janairun 2024, fadarsa ta sanar a watan Fabrairu cewa a yayin aikin ne aka lura da wani abu da ya zama ciwon daji, ko da yake ta ce ba na furostet ba ne. In haka ta faru da mai likitoci a ƙofar ɗaki, to ba laifin asibitin garinku kaɗai ba ne.

Amma kada in wanke mu gaba ɗaya. A duba ba a gani ba, wannan iyakar gwaji ce. A kwantar da dattijo a yanka ba a sa yatsa ba, ba a auna PSA ba, wannan sakaci ne, kuma yana faruwa. Duk wanda aka sa wa ranar aiki ya tambaya: nawa ne PSA ɗina? A rubuta masa, ya ajiye. Za ku ga amfanin lambar nan gaba kaɗan.

Batu na uku: kwalbar nan

A nan zan daɗe, domin a nan muka fi yin asara.

A ƙasashen da tsari ya zauna, naman da aka cire yana wucewa daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin gwaji ba tare da iyali sun ma gan shi ba. Mu a nan kun san yadda ake yi. Ana gama aiki nas za ta fito da wata kwalba ko robar man shafawa da aka wanke, nama na iyo a cikin ruwan fomalin mai hawa ido, an manna filasta a jiki an rubuta suna da biro, ga takarda a ninke. Ta miƙa wa babban ɗa, ta ce a kai gwaji. Idan ƙaramin asibiti ne da babu likitan nazarin nama, sai an kama hanyar asibitin koyarwa, Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Jos. Yaron nan kuwa aljihunsa ya riga ya kwashi kashinsa a hannu: kuɗin aiki, kuɗin jini, kuɗin magani, abincin 'yan jinya. Ga Baba ya farfaɗo, yana zaune yana shan kunu. Sai ya ce bari a sallame mu tukuna. Kwalba ta kwana a ƙarƙashin gado, ta koma but ɗin mota, daga nan ba wanda ya sake jin labarinta.

Wasu kuma ba don kuɗi ba. Suna ganin wannan ɓangaren jikin mutum ne, girmamawarsa a binne shi, sai a haƙa rami a bayan gida. Niyyar mai kyau ce, ban raina ta ba, kuma ga malamai nan sun fi ni sanin hukunci. Roƙona dai a bari a duba tukuna. Wanda ya binne naman nan kafin a duba, ya binne amsar da ba za a sake samunta da sauƙi ba.

Me ake yi da shi a can? Za a auna nauyinsa. In gutsattsarin TURP ne kuma bai wuce giram 12 ba, ƙa'ida ita ce a duba shi duka. In ya wuce, a ɗauki giram 12 na farko, a riƙa ƙarawa gwargwadon nauyin saura. Za a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka shi fale-fale har haske yana ratsawa, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina, sannan likitan nazarin nama ya zauna da madubinsa yana bin gilashin nan ɗaya bayan ɗaya. Mutumin nan mara lafiya bai taɓa ganin fuskarsa ba, ba a kai masa goron godiya, amma abin da ya rubuta shi zai yanke yadda shekaru goma masu zuwa za su kasance.

Abokan aikina na ƙananan asibitoci, ku ma da naku. Fomalin ake zubawa, ba ruwan leda na ƙarin ruwa ba, kuma ya shanye naman sosai, ƙa'ida ya ninka shi wajen sau goma. A zafin watan Afrilu nama cikin ruwan gishiri ba ya kai gobe. A rubuta PSA a takardar. Kuma ina ganin lokaci ya yi da za a haɗa kuɗin gwajin nama cikin kuɗin aiki tun farko, asibiti ya aika da kansa. Me ya sa za mu ɗora wa yaron da bai yi barci ba kwana uku?

Kai nama rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne a koma a karɓo sakamako. Akwai takardu jibge a ɗakunan gwaji da ba wanda ya zo nema, wasunsu da kalmar daji a ciki, masu su suna gida suna zaton shiru alama ce ta lafiya. Ku karɓo, ku yi hoto a waya, ku kai wa likitan da ya yi aikin ya karanta muku.

Masu hali da ke fita Masar ko Indiya ko Dubai, ga taku. Akwai sababbin hanyoyi da ke ƙone naman da hasken leza ya zama tururi, ko a huda shi da tururin ruwa, ko a ɗaure shi gefe. Suna da amfaninsu, amma ba sa barin naman da za a duba. Wanda zai zaɓi irin wannan, ya tabbata an bincike shi sosai kafin aiki.

Batu na huɗu: yadda ake karanta takardar

Kalmar daji ita kaɗai ba ta gaya mana komai. Abu uku muke nema.

Na ɗaya, zafin ciwon. Wani likita a Amurka, Donald Gleason, ya fito da ma'auni a 1966 wanda har yau sunansa yake ɗauke da shi. Ana duba yadda ƙwayoyin suka bar kamannin furostet na asali, a ba siffar da ta fi yawa maki, a ba ta biyu maki, a haɗa. Za ku ga an rubuta 3+3=6, ko 3+4=7, har zuwa 10. Mutane suna ganin 6 sai gabansu ya faɗi, suna zaton shida cikin goma ne, an wuce rabi. A'a. A aikace 6 shi ne mafi ƙanƙanta da ake bayarwa yau. Saboda wannan ruɗani ne a 2014 masana suka sake tsara shi zuwa rukuni biyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a 2016. Rukuni na 1 shi ne 3+3. Na 2 shi ne 3+4. Na 3 shi ne 4+3, kuma ku lura, duka biyun 7 ne amma ba ɗaya ba ne, wanda 4 ya zo gaba ya fi zafi. Na 4 shi ne maki 8, na 5 kuma 9 da 10. Rukuni na 1, in da gaske shi kaɗai ne a jikin, da wuya ƙwarai ya bazu. Na 4 da na 5 ba a wasa da su.

Na biyu, yawansa a cikin naman. In bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da aka cire ba, ana rubuta T1a. In ya wuce, T1b. Wannan rabo tsoho ne, yana da amfani, amma ba a dogara da shi shi kaɗai.

Na uku, kuma a wurina shi ya fi magana, PSA bayan aiki. Takardar gwaji labarin abin da aka cire take bayarwa, ba ta san abin da aka bari ba. Jini ne zai ba da labarin saura. Ana jira wajen mako shida zuwa wata uku jiki ya lafa, sannan a auna. A ƙiyasi, kowane giram ɗaya da aka cire yana sauke PSA da wajen 0.1. A ce mutum PSA ɗinsa 6 ne kafin aiki, aka cire giram 50, aka dawo aka sami 0.8. Lissafi ya fita, kumburin ne ke ɗaga shi, hankali ya ɗan kwanta. A ce kuma aka dawo aka sami 5. To wa ke zuba wannan PSA ɗin a jini, tunda an kwashe kumburin? Akwai abin da ya rage a shiyyar waje, dole a neme shi. Kun ga dalilin da na ce a rubuta muku lambar farko? In babu ita, da me za a gwada ta biyu?

In akwai shakka, bayan wurin ya warke ana yin hoton MRI na furostet, wanda ake ba wa maki 1 zuwa 5 gwargwadon zargi, in ta kama a ɗebo nama da allura daga abin da ya rage. In ciwon mai zafi ne ko PSA ya yi sama, sai a ƙara da hoton ƙashi da na ciki don a ga ko ya fita.

Batu na biyar: to me za a yi?

Bari in kawo misali da mutum biyu, ƙirƙira na yi don a fahimta. Na farko yana da shekara 78, ga hawan jini ga ciwon suga. Takarda ta ce rukuni na 1, kashi 3 cikin 100, PSA ya faɗi ƙasa da 1. Wannan dattijo ba ya buƙatar wani aiki, ba ya buƙatar allura. Ya riƙa zuwa ana duba shi, ya kula da hawan jininsa, domin shi ya fi zama barazana gare shi. Na biyu yana da shekara 58, lafiyayye, da yara a makaranta. Rukuni na 3, kashi 20 cikin 100, PSA bai sauka yadda ake so ba. Wannan sai an bincika an yi magani na warkarwa, ko dai a cire sauran furostet ɗin gaba ɗaya, ko a yi masa gashi da na'urar haske. Kalma ɗaya ce a takardunsu, amma hanyarsu ba ɗaya ba.

Tsakaninsu akwai mutane da yawa, masu ƙaramin ciwo mara zafi da sauran shekaru a gaba, in Allah ya so. Su ake sa wa ido: PSA kowane wata uku zuwa shida, duba da yatsa, MRI da ɗebo nama lokaci-lokaci, da sharaɗin in ciwon ya motsa a shiga magani tun yana warkuwa. Na san abin da ke ranku. Likita ya ce akwai daji, sannan ya ce a zuba ido? Ga hujjar. A Birtaniya an yi wani bincike mai suna ProtecT, aka raba maza 1,643 masu dajin da bai fita daga furostet ba gida uku: sa-ido, tiyata, gashi. Sakamakon shekara 15 ya fito a 2023. Waɗanda ciwon ya yi ajalinsu wajen kashi 3 cikin 100 ne a kowane gida, bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai dai ciwon ya fi bazuwa a gidan sa-ido, wajen kashi 9 cikin 100, a sauran biyun wajen 5.

Kada mu kwaso wannan sakamako mu shimfiɗa a nan ido rufe. Mazan nan kusan dukkansu Turawa ne, PSA ne ya gano ciwonsu, kuma suna cikin tsarin da in ka ƙi zuwa za a aiko maka da wasiƙa. Mu baƙar fata ciwon ya fi kama mu. A Birtaniya ɗin ma lissafinsu shi ne baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, a sauran jama'a ɗaya cikin takwas. Sannan mu wa zai aiko mana da wasiƙa? Ra'ayina, sa-ido na mai dawowa ne. Wanda ya san daga yau sai ciwo ya kwantar da shi za a sake ganinsa, ya faɗa wa likita gaskiya, a sake shawara.

Maganin warkarwa ma da kuɗinsa, ba na aljihu kaɗai ba. Cire furostet gaba ɗaya babban aiki ne, ba irin na farko ba, kuma ya fi wuya a wurin da aka taɓa yi wa aiki saboda tabo. Yana iya barin yoyon fitsari da rauni wajen kusantar iyali. Gashi yana iya taɓa mafitsara da dubura, shi ma yana raunana mazakuta a hankali, kuma ana jira wurin aikin ya warke kafin a fara. Cibiyoyin gashi kaɗan ne: a kusa da mu akwai Abuja da Shika da Sakkwato, a kudu Legas da Ibadan da wasu, a Nijar kuma an buɗe ta Yamai a 2021. Waɗannan abubuwa a tattauna su a fili, da uwargida a zaune in mai ciwon ya yarda. Kunya ba ta da wuri a wannan zaman.

Akwai abin da nake adawa da shi ƙarara. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna a Chicago cewa dajin furostet da sinadarin mazantaka yake rayuwa, in aka yanke sinadarin ciwon yana lafawa. Ya sami kyautar Nobel a kan haka a 1966. Ana yanke shi da allura ta wata-wata ko ta wata uku, ko a cire 'ya'yan maraina. Magani ne mai girma ga wanda ciwonsa ya bazu, ko a haɗa shi da gashi ga mai ciwo mai zafi. Amma ba ya warkarwa shi kaɗai, yana kashe sha'awa, yana raunana ƙashi, yana kawo ƙiba da zufa mai tasowa ba dalili. A ga kalmar daji a takarda, rukuni na 1, kashi 2 cikin 100, a ce gobe a zo a cire maraina? Wannan an yi wa mutum ɓarnar da ciwon bai yi masa ba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Duk wanda aka ce wa haka ya nemi ganin likitan mafitsara kafin ya sa hannu.

Masu lasifika a bakin kasuwa da ke sayar da maganin furostet na kwana bakwai, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Ku tambaye su rukuni na nawa maganin yake warkarwa.

Alama ɗaya ce ba a kwana da ita. Mai wannan ciwo in ya ji ciwon baya mai tsanani da ba ya lafawa, ƙafafu suka fara sanyi ko nauyi, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, a kai shi asibiti a ranar. Yana iya zama ciwon ne ya danne lakar baya, kuma awoyi ne tsakanin tafiya da keken guragu.

Batu na shida: wa za a gaya wa?

“Likita, don Allah kada a gaya wa Baba.” Babu likitan da bai ji wannan ba. Na san tausayi ne. Amma yaya za a ce wa mutum ya riƙa zuwa gwajin jini kowane wata shida, alhali an gaya masa lafiyarsa ƙalau? Zuwa na biyu zai ce ya gaji, kuma da gaskiyarsa. Iyayenmu sun binne iyayensu, wasu sun binne 'ya'yansu, ba su da raunin da muke zato. Jikinsa ne, shi ke da hakkin sani. Abin da ya rage namu shi ne yadda za a faɗa, a zaune, cikin natsuwa, tare da bayanin cewa wannan irin ba lallai ne ya zama ajali ba.

'Ya'yansa maza da ƙannensa su ma su sani. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka wajen sau biyu, ya kamata ya fara maganar PSA da likita tun yana 45. In a dangi akwai matan da suka yi dajin mama ko na ƙwan haihuwa, a ambata, domin akwai gadon da ke haɗa su.

Dajin furostet shi ne ya fi kowane daji yawa a mazan Nijeriya. Ƙiyasin 2020 ya ba da sababbin masu ciwon sama da 15,000 a shekara, da mutuwa sama da 8,000. Mafi yawan waɗanda muke gani a asibiti suna zuwa ne ciwon ya riga ya shiga ƙashi, wasu a ɗauke ake shigo da su. Wanda aka tsinci nasa a cikin kwalba yana cikin 'yan kaɗan da labarin ya riske su da wuri, tun akwai zaɓi a hannunsu.

Mai girma shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo, a nan zan dakata.  Yanzu fili naku ne. Wanda tambayarsa ta yi masa nauyi a baki ya rubuta a takarda ba suna, a miƙo, zan karanta in amsa. Waɗanda kuma suka zo da takardun gwajinsu, su same ni a gefe bayan an tashi. Bismillah, wa zai fara?